Malam Shiru, Mai Jinyar Jita

Idan Malam Shiru ya buɗe shagonsa da safe, ba ya kunna fitila, ba ya buɗe taga, ba ya amsa gaisuwar kowa. Yana tura ƙofa, ya mayar da ita a hankali, ya tsaya a tsakiyar ɗaki kamar wanda ya shigo duba marasa lafiya ya tarar suna barci. Daga nan sai ya nufi wani ɗan faranti da ke kan kanta, ya tsoma yatsu cikin gishirin da ke ciki, ya murza. In gishirin ya zube kamar yashi, iskar ranar busasshiya ce. In ya dunƙule ya manne a yatsa, akwai laima. Sannan ya bi bango, jita bayan jita, yana ɗora tafin hannu a kan fuskar kowacce, yana jin ko katakon ya kumbura ko ya lotsa. Sai ya gama da ta ƙarshe yake leƙawa waje ya ce wa telan da ke maƙwabtaka da shi, "Ina kwana," kamar yanzu ya gan shi. Daga wannan hali sunan ya samo asali, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane.

A ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Ciwon suga ya cinye masa jin da ke kan yatsunsa, kuma aikinsa da kan yatsu ake yinsa. Ba za a yi masa taro ba, ba za a rataya masa lamba ba. Lambobi na waɗanda ke fasa abubuwa ne, masu gyara sai dai a ce musu sannu. Na yi rayuwar aikina ina gyara rubutun mutane a maɗaba'a, na karanta yabon manya har ya gundure ni, kuma na lura ba a cika yabon mutum ba sai ya kai inda ba zai iya ƙaryata ka ba. Shi ya sa nake rubuta wannan tun yana da ransa, yana kuma iya cewa na yi ƙarya.

Ga wanda bai sani ba: fuskar jita, wato allon da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, katako ne siriri, bai kai kaurin murfin littafi mai kwali ba. Daga ciki an manna masa wasu 'yan sanduna a gicciye, waɗanda Malam Shiru ke kira haƙarƙari. A waje kuma akwai jaki, ɗan katakon da tsirkiyoyi ke ɗaure a kansa suna jan sa dare da rana. Matsalar ita ce katako bai san an sare shi ba. Yana ci gaba da shan ruwa daga iska yana fitarwa. Da damina ya sha ya kumbura, cikinsa ya turo, tsirkiyoyi su yi nisa da wuya, sauti ya toshe kamar mai mura. Da rani ya bushe ya tsuke, fuskar ta lotsa, tsirkiyoyi su kwanta suna zuza. Haƙarƙarin kuwa ba sa tsukewa tare da shi, suna riƙe da shi ta ƙarfi. Ranar da ya gaji da riƙon, sai ya dare.

Duk wannan motsi yana da sauti, kuma shagon cike yake da shi. Ka zauna a kan bencinsa da tsakar rana, babu mai taɓa komai, sai ka ji ƙas daga wannan kusurwa, can kuma wata tsirkiya ta yi ɗan nishi ita kaɗai. Telan ya gaya mini cewa shekarunsa na farko a layin ba ya yarda ya shiga shagon shi kaɗai.

"Wallahi kafin hadari ya haɗu, ɗakin nan hira yake yi," in ji shi. "Na taɓa ce masa, Malam, majinyatan naka sun tashi lafiya? Ya ce, Direba ya kumbura, shigar da yadinka. Na duba sama, tas, ko gajimare babu. Ban shigar ba. Ranar na yi wa mai kaya bayani har bakina ya bushe."

Direba jita ce. A bangon ƙurya akwai waɗanda masu su suka kawo gyara ba su dawo ba, wasu don sun yi tafiya, yawanci don sun rigamu gidan gaskiya. Malam Shiru bai sayar da ko ɗaya ba. Yana kiran kowacce da sana'ar mai ita: Direba, Malamin Lissafi, Mai Hoto, Soja. Yana shafa su kowace safiya tare da sauran, yana sassauta musu tsirkiya in rani ya yi tsanani. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "An ce mini in riƙe. Ba a ce mini in daina ba."

Masu kiɗan biki sun san shi da taurin kai. Wani daga cikinsu, mutum mai kitso da manyan zobba, ya ba ni labari da bakinsa, yana dariya yana jin haushi. Ya bar jitarsa a bayan mota cikin rana, fuskar ta tsage, ga wasa a gabansa. Ya ce a cika masa tsagar da gam yanzu yanzu. Malam Shiru ya ce a'a, sai katakon ya sha iska mai laima ya rufe bakinsa da kansa, sannan a sa gam. Makaɗin ya ce masa, "Baba, ni ba wa'azi na zo ji ba." Ya ɗauki abarsa ya kai wa kafinta, aka cusa mata garin katako da gam, ta yi kyau. Da ruwa ya sauka, katakon ya kumbura ya nemi wurinsa na da, ya tarar an cike, sai ya dare ta wani gefen, ya ɗaga jakin gaba ɗaya. Makaɗin ya dawo da ita a buhu. Malam Shiru bai ce masa na gaya maka ba. Ya karɓa, ya ce wa jitar, "Sannu," ya rataye ta.

Nawa labarin ya fi wannan nauyi, kuma shi ne dalilin rubutun.

Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, malamar firamare ce, tana koya wa yara waƙa da jita. Ba ta ɗaure tsirkiyoyinta yadda littafi ya ce, tana da nata ɗaurin da ta ce ya fi dacewa da muryar yara. A makonta na ƙarshe ta ce in miƙo mata jitar. Ba ta kaɗa ba, ba ta da ƙarfin. Ta dai murɗa kunnuwan da ake ɗaure tsirkiyoyi da su, ɗaya bayan ɗaya, har suka zauna yadda take so, ta ce in mayar kan ƙusa. Wannan shi ne aiki na ƙarshe da hannunta ya yi a duniya. Tun daga ranar babu wanda ya taɓa kunnuwan nan, kuma na gaya wa kowa a gidan abin da zai same shi in ya taɓa.

'Yarmu, wadda ke aikin jinya a wani gari, ta zo ta ga ina fama da zafi, ta sa aka kafa mini na'urar sanyaya ɗaki. Yarinya ce mai tausayi, kuma tausayi ya sha yin ɓarnar da mugunta ba ta yi tunani ba. Na'urar tana tsotse ruwan da ke cikin iska. Ni ban sani ba, ita ma ba ta sani ba. Bayan 'yan makonni jitar ta fara magana.

Da rana take yi, lokacin da gida ya yi tsit. Ina kwance sai in ji ƙas a saman kaina. Wani lokaci tsirkiya ɗaya ta saki sauti siriri, ya daɗe yana yawo a ɗakin kafin ya mutu. Rannan yayar marigayiya ta zo duba ni, tana zaune a bakin gado tana lissafa mini laifuffukan surukarta, sai jitar ta yi. Ta miƙe tsaye, mayafinta ya faɗi.

"Ka ji? Ka ji ko? Ka fitar da abin nan daga gidan nan. Ba ta samu kwanciya ba, magana take son yi."

"Yaya," na ce, "ƙanwarki ba ta taɓa yi mini magana a kaikaice ba tana raye. Ban ga abin da zai sa ta fara yanzu ba."

"Kai dai bakinka ne zai kashe ka. Ka bayar da ita, ko ka ƙone."

Haka na ce mata. Amma na koma yin barcin rana a falo.

Da 'yata ta dawo hutu, ita ta ga tsagar: layi siriri kamar gashi, daga ƙasan jaki ya nufi gindi. Muka naɗe jitar a bargo muka kai wa Malam Shiru, wanda shi ke duba ta tun muna sabon aure. Ya ɗora hannu a fuskarta, ya rufe ido.

"Wa ya sa ta a firji?"

"Kawu, na'urar sanyi ce na saka wa Baba."

"Babanki ya gode. Ita ba ta gode ba."

Ya ce abin da ya kamata shi ne a sassauta tsirkiyoyin nan take, don jan da suke yi ya kai nauyin babban mutum, kuma tsagar na iya gudu har ƙarshe. Ya kai hannu wajen kunnuwan. Na riƙe masa wuyan hannu. Ban taɓa riƙe hannun wani namiji haka ba. Na gaya masa wanda ya ɗaure su, da kuma yaushe.

Wani zai ce mini haƙuri, abin duniya ne. Wani zai ce to, ya jira in fita ya yi abin da ya ga dama. Shi ya dubi kunnuwan, ya ce, "Abin da kake ji yanzu ba ɗaurinta ba ne. Fuskar ta lotsa, tsirkiyoyin sun sauka. Ɗaurin rani kake gadi. In katakon ya sha ruwa ya taso, za su hau kusa da inda ta bar su. Kusa, ban ce daidai ba." Ya ɗauko fensir ya yi ɗan ɗigo a inda tsagar ta tsaya. "Zan bar su a ɗaure. Amma in ta wuce nan, zan yanke su ba tare da na tambaye ka ba. Ka yarda?"

Na yarda, don babu wata hanya.

Yana da wani tsohon kabad a bayan shago, mai ƙofa biyu. Ya kwantar da jitar a ciki, ya ajiye kwano da jiƙaƙƙen soso a gefenta, ba tare da ruwa ya taɓa katakon ba, ya rufe. Ya ce ba a shayar da katako da gaggawa, in ya sha da yawa lokaci guda ya fi bushewar illa. Telan ne ya gaya mini sauran, don shi ba zai faɗa ba: har ranar hutu yana zuwa, ya buɗe kabad ya duba ɗigon, ya matse soso ko ya ƙara masa ruwa, ya ja kujera ya zauna kunnensa a jikin ƙofa. Da yake yatsunsa sun daina ji sosai, da leɓensa na ƙasa yake shafa tsagar don ya san ko ta motsa. Telan ya gan shi ta taga yana haka, ya ce ya koma kan kekensa ya kasa zura zare a allura.

Ni ma ina zuwa in zauna a benci. Ba ma hira. Wata rana da la'asar, daga cikin rufaffen kabad, tsirkiya ta yi kuka. Kafin sautin ya mutu, wata ta amsa daga bangon ƙurya, sannan wata. Na san dalili: tsirkiyoyin da ke kan sauti ɗaya sukan girgiza juna ta iska. Sanin dalili bai hana gashin hannuna tashi ba.

"Malamin Lissafi ne," in ji Malam Shiru, bai ɗaga kai ba. "Makarantarsu ɗaya da marigayiya."

Tsagar ba ta wuce ɗigon ba. A hankali ta matse, har sai da haske ya faɗa ta gefe kake ganinta. Na ɗauka mun tsira. Sai ya zura ɗan madubi ta bakin jitar, ya haska, ya daɗe yana dubawa. Ɗaya daga cikin haƙarƙarin ya saki. Dole hannu ya shiga ciki, kuma hannu ba ya shiga sai an kawar da tsirkiyoyi. In an bar shi haka, rani mai zuwa fuskar za ta rufta.

Kai ne ka gaya mini wannan kana kallon idona, Malam. Ba ka yi mini kwana-kwana ba, ba ka ce bari mu gani ba. Likitocin da suka yi jinyar mai ɗakina sun fi ka iya zance, amma babu wanda ya gaya mini gaskiya a kan lokaci kamar yadda ka yi. Ka ce, "Ko ɗaurin, ko jitar. Ba zan iya ba ka duka biyu ba. Abin da zan iya shi ne in sa ka ji shi sau ɗaya, yadda ta bar shi."

Ya jira ranar da aka yi ruwa, iska ta yi laushi, ya aika aka kira mu. Ya rufe ƙofar shago, ya fito da jitar daga kabad. Ya miƙo mini, na ce ban iya ba. Ya miƙa wa 'yata. Ta ɗora ta a cinya, ta ja babban yatsa a kan tsirkiyoyin shida, sau ɗaya.

Ba zan kwatanta sautin ba. Na gyara kwatancin mutane da yawa, na san inda kalma ke ƙarewa. Zan dai ce ɗakin ya cika da ita, kuma bangon ƙurya gaba ɗaya ya ɗauka. 'Yata ta kai hannu za ta danne, ya ce, "Kar ki taɓa. Ba ta gama ba." Muka zauna har sautin ya sirance, ya zama ba ka san ko kana jin sa ko tuna shi kake yi ba.

Sannan ya ce a sassauta. Na ce ya yi. Ya ce, "Ba hannuna ya kamata ba." Ni kuma nawa ya ƙi ɗaguwa. 'Yata ce ta murɗa kunnuwan, ɗaya bayan ɗaya, tana kuka ba sauti, har tsirkiyoyin suka kwanta.

Gyaran ya ɗauki lokaci, don yanzu komai a hankali yake yinsa. Ya manne haƙarƙarin, ya sa gam a tsagar, ya ɗora mata 'yan faci ta ciki. Ya mayar da tsofaffin tsirkiyoyin, bai sa sababbi ba, ya bar su a sake. Da muka zo ɗauka, 'yata ta ce ya ɗaure mana.

"Ke za ki ɗaure."

"Kawu, ban iya ba. Ina ƙarama in Mama ta ɗauko jita, ni bayan gida nake gudu."

"Na sani, ta sha kawo mini ƙararki. Murɗa kawai, har ya zauna miki a kunne."

Ta murɗa, tana gwadawa, tana komawa baya, tana tsaki. Da ta gama ta ja yatsa a kai. Malam Shiru yana goge hannu da tsumma, sai ya tsaya. Ya ce ta sake taɓa tsirkiya ta uku ita kaɗai. Ta taɓa.

"Wa ya ce ki bar ta nan?"

"Ba kowa. Ba daidai ba ne? In ƙara?"

"Ba daidai ba ne. Ta yi ƙasa kaɗan." Ya zauna a kan benci kusa da ni, abin da bai taɓa yi ba. "Haka marigayiya take barinta. Shekara da shekaru ina ɗaga mata ita, tana fita ƙofar nan tana mayarwa."

Na ce ai yarinyar ta ji ɗaurin ranar da aka yi ruwa, shi ta kwaikwaya. Ya girgiza kai. Ya ce ranar nan ta ukun ba ta dawo wurinta ba, ta zarce sama. Ya ji, bai faɗa ba, don kar ya ɓata mana.

Ina da bayani a kan wannan ma. Yarinya ta girma a gidan da ake wannan ɗaurin, kunne yana ajiye abin da mai shi ya guje wa. Na riƙe bayanin nan da hannu biyu. Shi bai ba da nasa ba, ya dai ce wa 'yata kar ta ƙara, ta bar ta inda take.

Jitar tana wurin 'yata yanzu, a cikin akwati, da ɗan soso mai laima a gefe in rani ya shigo. Takan kira ni ranar hutu ta kaɗa mini ta waya. Ba ta iya ba. Ban ce ta daina ba.

Malam Shiru, mai jinyar abin da ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, kai ne ka ɗauki haukan tsoho da muhimmanci ba tare da ka yi masa ƙarya ba. Ka san ba za ka ceci abin da na zo nema ba, amma ka kwashe makonni a bakin kabad don in yi bankwana da shi yadda ya dace. Babu wanda ya sa ka, babu wanda zai sani in ba ka yi ba.

Ku masu sana'a da ke karanta wannan, kafinta ne, bakanike ne, likita ne, ban ce ku zama waliyyai ba, na daina tsammanin haka daga kowa. Abu kaɗan nake roƙo. In an kawo muku abin da ya tsage, ku tambayi abin da ya busar da shi kafin ku ɗauko gam. Ku tambayi mai shi abin da yake tsoron rasawa, don sau da yawa ba shi ne abin da kuke gani ba. In ba za ku iya ceto ba, ku faɗa da wuri, kuna kallon idonsa.

Na gode, Malam. Allah ya ba ka hutu mai sanyi, ya sassauta maka ciwon. Bakina bai saba da godiya ba, shi ya sa na rubuta.